Bayan Baƙin Shafi

Kun ga saƙon. Kada wani ya ce bai gani ba, domin wayar Hureira ta jero mata sunayenku ɗaya bayan ɗaya: mutum ɗari da sha ɗaya ne suka buɗe shi kafin ƙarfe tara na safe, a zauren WhatsApp na 'yan Arewa mazauna Kuala Lumpur. Layi biyu ne kacal. "Assalamu alaikum. Don Allah ko akwai mai jin Jamusanci a cikinmu? 'Yata ce ke bukata, yau ɗin nan." Kun karanta, kun turo hoton hannuwa a ɗage, kun rubuta Allah ya ba mijinta Abdulgani lafiya, sannan kun koma musunku na ko gwamnati za ta sassauta kullen korona kafin Babbar Salla. An gode da addu'a, Allah ya karɓa. Amma tambaya aka yi muku, kuma a cikinku ba wanda ya rubuta ko da "me ya samu yarinyar?"

Lokacin da kuke wannan musun, Hureira tana durƙushe a gaban teburin cin abinci, a hawa na sha tara na wani dogon bene a unguwar Cheras, faranti a hannunta, ta cusa kai ƙarƙashin teburin.

"Khaulah, loma ɗaya kawai. Roti ne mai ƙwai, irin wanda kike so."

"Tak nak," in ji yarinyar da Malayanci, wato ba ta so.

"Da Hausa na yi miki magana."

Yarinyar ta juya fuskarta bango. Shekararta tara, biyar daga ciki a ƙasar nan ta yi su, kuma Hausarta a kunne ta tsaya: tana ji sarai, amma in ta buɗe baki Turanci ne ke fitowa, in ranta ya ɓaci kuma Malayanci. Tun shekaranjiya ta shimfiɗa bargo a ƙarƙashin teburin, ta rungume wani ƙaton littafi a ƙirji kamar za a ƙwace mata. Ban da ruwa da rabin biskit babu abin da ya shiga cikinta. Leɓɓanta har sun fara tsagewa.

Kwana huɗu ke nan da wasu mutane cikin fararen rigunan leda suka sauka da mahaifinta a lif. Abdulgani, wanda ke shekarar ƙarshe ta digirinsa na uku a jami'ar da ke Jalan Semarak, yanzu yana kwance a asibiti da robar iska a fuska, ba ya iya haɗa jimla guda. Hureira da 'yarta kuma an ɗaura musu abin hannu na roba ruwan hoda, alamar kada su taka ko bakin lif sai bayan kwana goma. Ta taga ana hango jirgin ƙasa na MRT yana wucewa fayau ba kowa a ciki, ana hango fararen ƙyallayen da maƙwabta suka rataya a baranda don a san abincinsu ya ƙare. Hureira tana da rabin buhun shinkafa. Abin da ya ƙare mata ba a rataya masa ƙyalle.

Littafin na Abdulgani ne. A wata kasuwar gwanjo ya saye shi a Jamus, lokacin da ma'aikatar ruwa ta tura shi kwas, tun ba a haifi Khaulah ba. Ya biyo shi Kano, ya biyo su Malesiya a ƙasan akwati, ba wanda ya buɗe shi. Sai da aka rufe makarantu, yarinya ta rasa inda za ta sa kanta, sannan ya zaro shi. Shafi ɗari shida da ɗoriya, nauyinsa kamar bulo, kusan kowane shafi da zanen baƙin alƙalami. Kullum bayan la'asar sai su baje a falo, shi ya ɗora yatsa a kan rubutun Jamusanci yana mayarwa da Hausa, ita ta zuba wa zanen ido. A duk wunin, nan ne kaɗai Khaulah ke yin shiru a yi mata Hausa ba ta ce a juya zuwa Turanci ba. Dokarsu ɗaya ce: ba a leƙen gaba. Inda aka tsaya a sa tsohon katin jirgi a rufe, sai gobe.

Hureira daga kicin take jiyo su sama-sama. Littafin aljanunku, haka take kiransa. Abin da ta tsinta bai wuce wannan ba: akwai wani gari da ke rataye a ƙarƙashin gada, akwai wani Ɗanbaba mai kai wasiƙu, matsoraci na ƙin ƙarawa, an aike shi ƙasan wani kwazazzabo da ba wanda ya taɓa ganin gindinsa. Ranar ƙarshe Abdulgani yana karatu yana tari, igiyar da Ɗanbaba ke sauka da ita ta tsinke. Suka juya, sai ga shafuka biyu baƙaƙe ƙirin daga gefe zuwa gefe. Ya rufe littafin, ya ce numfashi ya gaza, gobe in sha Allahu za su ga ko Ɗanbaba ya tsira. Washegari da safe motar asibiti ta zo.

Kwana biyun farko yarinyar ta ɗan tsakura. Shekaranjiya ta ture faranti, ta ce da Turanci, "Sai Abba ya karanta. Har yanzu faɗuwa yake yi. Ba wanda ya damu." Hureira ba ta tambaye ta wa take nufi ba.

Hureira ta gwada fassarar waya jiya. Da ƙyar Khaulah ta yarda aka ɗauki hoton shafin da ke kafin baƙaƙen, hannunta na danne da sauran. Rubutun wurin da hannu aka zana shi, yana lanƙwasa yana gangarowa tare da igiyar, wayar ta yi ta dube-dube, daga ƙarshe ta ce gada ta cinye takalmin kakanta. Shi ya sa da asuba ta rubuta muku.

Wajen goma da rabi wayar ta yi ƙara. Malam Bello ne, shugaban ƙungiya, mutumin da ya fi kowa daɗewa a garin.

"Maman Khaulah, ya mai jiki?"

"Da sauƙi, Malam."

"Allah ya ƙara sauƙi. Na ga saƙonki. Wai Jamusanci? Takardar magani ce aka ba ku?"

"A'a, littafi ne. Na labari. Babanta ne yake karanta mata, to sun tsaya a tsakiya, ta ƙi cin abinci."

"Na labari," in ji shi. "Baiwar Allah, mijinki yana kwance, ke kina neman mai fassara tatsuniya? Yunwa za ta fito da ita mana. Yaran nan na Malesiya mu muka sangarta su. Mu a gidanmu in ka ƙi tuwo, ƙaninka ne zai yi maka addu'a. Ki kunna mata karatun Alƙur'ani."

"Tun asuba yake a kunne, Malam."

"To madalla. In kuna bukatar shinkafa ki faɗa, akwai ta ƙungiya."

Malam Bello ba mugu ba ne, kuma matsalar ke nan. Da mugu ne da an san yadda za a yi da shi. Mutum ne mai buhunan shinkafa a sito da zuciya mai kyau, wanda ya riga ya yanke abin da ya cancanci a kira bukata, duk abin da ya fita daga jerinsa kuma shagwaɓa ce.

Da azahar aka ƙwanƙwasa ƙofar ƙarfe. Kafin Hureira ta buɗe, mai ƙwanƙwasawar ta ja baya har bakin lif, takunkumi biyu a fuska. Hannatu ce, ƙawarta ta hawa na bakwai, ta rataya leda a marikin ƙofa.

"Matar Dakta! Na yi muku tapau, ƙunshin abinci daga shagon mamak, ga kuma wake da shinkafa nawa na hannu. 'Yar gidan ta ci?"

Hureira ta girgiza kai.

"Oh ni Hannatu. Wallahi da Jamusanci na sayarwa ne a kanti da na sayo miki kilo biyu. Ni ko Turancin da ƙyar muke gaisawa." Ta gyara takunkumi. "Akwai dai Dakta Fatimatuzzahra Daso, mai koyar da kimiyya, an ce a Jamus ta yi karatu. Amma wannan ba ta magana da talakawa. Shekara uku a guruf, ko amin ba ta taɓa rubutawa ba."

Bayan tafiyarta saƙon nas ya shigo, kamar kullum, gajere da Turanci: iskar jininsa ta hau daga tamanin da takwas zuwa casa'in, har yanzu ba ya iya magana, a ci gaba da haƙuri. Hureira ta karanta wa ƙarƙashin tebur. Ta tura ledar Hannatu kusa da bargon, ƙamshin mai da yaji ya cika falon, yarinyar ko motsi ba ta yi ba. Hureira ta lura hannun da ke riƙe da littafin yana ɗan rawa. Ta fara lissafin abin da za ta ce in ta kira lambar gaggawa, da inda za su kai yarinya mai abin hannu ruwan hoda, da ko za su bar uwa ta bi ta.

Uku saura kwata, kiran bidiyo ya shigo daga lambar da ba ta sani ba. Wata mata ce mai kimanin shekara hamsin, tabarau mai kauri, mayafi a karkace, tana tauna gyaɗa.

"Ke ce mai neman Bajamushe? Sunana Fatima Daso. Tun safe ina aji, ɗalibai arba'in duk sun kashe kyamara, ni kaɗai nake surutu kamar mahaukaciya. Yanzu na ga saƙonki. Me ya samu yarinyar?"

Hureira ta yi bayani, ta juya wayar ta nuna ƙarƙashin tebur.

"Kai! Kawo kusa. 'Yan mata, ɗan karkato min bangon in gani." Khaulah ta karkata shi kaɗan, ba ta saki ba. Dakta ta ajiye gyaɗar. "Ikon Allah. Kin san ni da irin waɗannan na koyi yaren? Shekarata ta farko a can, sanyi, ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu, ban san kowa ba. Littattafan koyo duk ina tashar jirgi ne da ina ne banɗaki. Sai tsohuwar da nake zaune a gidanta ta miƙo min irin wannan. In kalma ta gagare ki, zanen ya riƙe hannunki har ki haye. Kuma dubi aikin, don Allah. Mutanen nan yadda suke ƙera inji haka suke ƙera ƙarya. Dodo ne, babu shi a duniya, amma sai an zana masa gashi ɗaya-ɗaya, an yi taswirar garinsu, an gaya miki abin da yake ci ranar Talata da ciwon gwiwar da ke damunsa. Kafin ki ankara kin san shi fiye da maƙwabcinki. Jaruminsu kuma ba ƙato mai takobi ba ne, kullum wani ɗan abin tausayi ne da ba abin da yake so illa ya koma gida ya sha shayi. To, turo min shafin."

Hureira ta tura hoton jiya. Dakta ta gyara tabarau, ta karanta da Jamusanci tukuna, kalmomin na fitowa daga can ƙasan maƙogwaro. Kan Khaulah ya ɗan leƙo daga ƙarƙashin tebur. Sannan Dakta ta juya zuwa Hausa.

"Sai ma'aikaci mai lamba arba'in da bakwai na ofishin aike ya taɓa aljihunsa, ya tabbatar sammacin da majalisar gari ta ba shi yana nan, wanda ke gargaɗin mazauna ƙasa su daina hayaniya da..."

"No!"

Kan yarinyar ya bugi teburin har cokula suka yi tsalle. Ta fito rabi, idanunta jajur, tana magana da Turanci da ƙarfin da Hureira ba ta san ya rage mata ba. Ba sunansa ke nan ba, sunansa Ɗanbaba. Ba sammaci ba ne, wasiƙa ce zai kai wa babarsa da ta sauka ƙasa tun yana jariri. Wannan matar ba ta iya ba. A kashe wayar.

Dakta ta dubi allon wayarta, ta sake duban shafin, ta ɗaga gira. "Maman Khaulah, ɗan shiga da ni kicin."

Hureira ta shiga ta turo ƙofa.

"Wata nawa mijinki ya yi a Jamus?"

"Shida."

"Da wane yare aka yi kwas ɗin?"

"Turanci, ina jin."

Dakta ta cire tabarau ta kifa kai, kafaɗunta na girgiza. Da ta ɗago hawaye take sharewa. "Wallahi Jamusancin mijinki bai wuce na sayen burodi ba. Babu Ɗanbaba a shafin nan, babu uwa, babu wasiƙa. Bawan Allah ya ɗora yatsa a kan rubutu yana satar kallon zane. Shafi ɗari biyu! Kai, wannan ya cancanci digirin tun yanzu."

Hureira ta jingina da firji. Ta tuno yadda yakan tsaya a tsakiyar jimla, ya ɗaure fuska, ya ce wannan kalmar tana da wuya, ya cire tabarau ya goge a hankali. Ashe ƙirƙira yake yi. Wata huɗu cur, a falonta, a gabanta. Dariya ta ƙwace mata, ta farko tun ranar da aka tafi da shi, ta toshe baki da mayafi, kafin ta ankara dariyar ta zama wani abu daban. Dakta ta bar ta har ta gama.

"Saurara, ƙanwata. Na gaskiyar zan iya karanta mata, kullum bayan la'asar in tana so, ni ma kewarsu nake yi. Amma yau ba shi take nema ba. Na ubanta take nema, wannan kuwa babu shi a Jamusanci. Me kika karanta?"

"NCE. Na koyar shekara shida a firamare, a Rano."

"Yara nawa a aji?"

"Tamanin da wani abu."

"Kin riƙe yara tamanin da fatar baki, yanzu a kan guda ɗaya kike neman Bajamushe?"

Shekara biyar ke nan ba wanda ya tambayi Hureira abin da ta karanta. A fasfonta an buga mata biza ta mai bin miji, a taron ƙungiya kuma tana ɓangaren masu zuba abinci. Ta dubi hannuwanta.

"Anti, ban san abin da ke bayan baƙin shafin ba. In an zana shi a mace fa?"

Dariyar ta bar fuskar Dakta. "Wannan ban taɓa karanta shi ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Marubutan nan ba su da tabbas. Na ga wanda ya kashe jaruminsa a tsakiyar littafi ya ci gaba da ƙaninsa. Ki jira ta yi barci ki leƙa."

Hureira ta yi tunanin haka. A kan littafin yarinyar take kwana, kuma ko da an zare shi ba ta farka ba, barci sai dare, hannun nan kuwa tun azahar yake rawa. Ta yi godiya, ta ce za ta kira.

Ta yi sallar la'asar. Ta ɗauki farantin roti da ya huce, ta ajiye shi a ƙasa can gefe kamar ta manta da shi, sannan ta tattare zane ta rarrafa ƙarƙashin teburin. Wurin ya yi mata kaɗan, sai da ta karkata wuya. Ta kama bakin mayafinta ta ƙulla.

Khaulah ta bi ƙullin da kallo. "What's that?"

"Kakata ta ce ba a ba da labari da rana, mai yi zai ɓata a hanya, sai in ya ɗaure labarin. A Rano ciyawar rufin ɗaki ake ƙullawa. Nan ba mu da ita."

Yarinyar ta dubi abin hannunta ruwan hoda, ta dubi uwar. Ta ce da Turanci, ina za su ɓata, su da ko lif ba a bar su su shiga ba? Gefen bakinta ya ɗan motsa.

"Ni zan karanta miki. Amma ina kicin aka wuce ni. Nuna min su waye."

Sannan hannun ya sassauta, littafin ya sauko kan bargo, ya buɗe daga farko.

Hureira ba ta taɓa kallonsa da kyau ba sai yau. Gada ce ta haɗa duwatsu biyu, a ƙarƙashinta gidaje ɗaruruwa na lilo da igiyoyi kamar ƙorai a ragaya. Kowane gida da tagarsa, kowace taga da wani abu: nan ana shanya, nan ana faɗa, nan wani ya yi barci da littafi a fuska. Duk inda ta kai ido sai ta ga wani ƙaramin abu da aka ɓoye domin mai haƙurin dubawa.

"Wannan Wudil-a-kife," in ji Khaulah, yatsanta a kan garin. Sunayen da Hausa Abba ya raɗa su, ba yadda za ta faɗe su da wani yare. "Waɗannan masunta. They catch gajimare da koma, sai su matse su sha." Ta juya shafuka. Ga Ɗanbaba, wata 'yar halitta mai kama da bushiya, da tabarau, da jakar da ta fi shi girma. Ga wata tsohuwa mai haɓa kamar lauje, lofe uku a bakinta lokaci ɗaya. "Gwaggo Ladi. Ita ta raine shi. Tana da faɗa, amma tana ɓoye masa kifi."

Hureira ta ƙura wa tsohuwar ido. Wudil garin Abdulgani ne, da gadarsa da masuntansa. Gwaggo Ladi ita ta raine shi, ta rasu shekarar da suka zo ƙasar nan, bai samu zuwa jana'iza ba, kuma tun ranar bai ƙara ambatonta ba. Ashe nan ya kawo ta.

Suka iso katin jirgi. Igiya ta tsinke. Khaulah ta juya da kanta, baƙin ya buɗe a gabansu, sai ta janye hannu ta cusa shi a hammata. A can ƙasan shafin dama akwai ɗan layin farin rubutu, siriri kamar zare.

"Me aka ce a nan?" ta tambaya da Turanci, a hankali.

Hureira ta ɗora yatsa a kan layin. Ta bi shi daga hagu zuwa dama ba gaggawa.

"An ce: duhu ne ko'ina, amma bai saki jakar ba."

Numfashin yarinyar ya fita da ƙarfi.

"Tare za mu juya," in ji Hureira. "Kama nan, in kama nan. Bismillah."

Takardar ta tashi, ta kwanta.

Ƙasan kwazazzabon ne, ya cike shafuka biyu. Duk abin da ya taɓa suɓucewa mutanen sama tsawon ɗaruruwan shekaru nan ya taru: cokula, takalma ƙafa ɗaya-ɗaya, butoci, ƙyauren ɗaki, keken ɗinki, an jibge su sun zama hasumiyoyi masu tagogi. Wasu ƙananan halittu masu manyan idanu sun fito da fitilu, duk sun ɗaga kai sama. Idon Hureira ya yi ta yawo a ƙasa, tana neman abin da take tsoron gani.

"Ga shi!"

Da Hausa ya fito. Yatsan Khaulah yana can saman kusurwa. A ƙolin hasumiya mafi tsawo wata tsohuwar laima ta yi tsini, maɗaurin jaka ya sarƙe a jikinta, Ɗanbaba yana reto a ƙasan jakar da hannu biyu, tabarau a kunne ɗaya.

"Umma, ya mutu?"

"Dubi ƙafarsa. Matacce yana laluben wurin takawa?"

Yarinyar ta kai fuska har hancinta ya kusa taɓa takardar. "Amma bai sauka ba."

"Bai sauka ba."

"Igiyar jakar za ta tsinke?"

Hureira ta dubi 'yarta. Amsa mai daɗi tana bakinta, ta haɗiye ta. "Ban sani ba, Khaulah. Ba a leƙen gaba. Amma dubi ƙasa."

A gindin hasumiyar halittun sun jawo tsani, ya gaza da nisa. Wasu suna turo tebur a ɗora shi a kai, wani ya ɗauko kujera, biyu suna faɗa a kan wanda zai hau. Wata tsohuwa kuma ta ɗaure kofi a bakin doguwar sanda tana miƙawa sama, tururi na tashi daga ciki.

Hureira ta gyara zama, ta mayar da yatsa kan rubutun, muryar da ta bari a aji uku na firamaren Rano ta dawo mata ba ta nema ba. Ta ba mutanen ƙasa sunaye. Ta sa masu faɗan nan biyu suka zama wa da ƙani, Tanko da Sambo, waɗanda ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, har a kan wane ne babba. Ta yi muryar Ɗanbaba yana salati yana roƙon kada kowa ya yi atishawa. Khaulah ta yi dariya, 'yar ƙarama, a shaƙe.

"Sai tsohuwar ta ce, kai yaro, karɓi kunu. Ɗanbaba ya ce ba zai sha komai ba sai ya sauka. Tsohuwar ta ce, tsanin nan ba yau zai iso ba, in ba ka sha ba da wane hannu za ka riƙe jakar har gobe?"

Khaulah ta ɗago kai, ta ƙanƙance ido. "Umma. You made that up. Don in ci."

"Ga shi a rubuce."

"Ina?"

"Nan." Hureira ta danna yatsa a kan wata kalma mai tsawon rabin layi, ta ɗaure fuska. "Wannan kalmar tana da wuya."

Yarinyar ta dubi kalmar, ta dubi kofin da ke bakin sanda, ta daɗe. Sannan ta miƙa ƙafa ta jawo farantin da yatsun ƙafarta, ta yagi gefen roti, ta sa a baki. Ta tauna a hankali, ta yagi wani. Hureira ba ta kalle ta ba, ta kafe idonta a kan zanen, tana ƙirga fitilun da suka fara rawa a gabanta.

"Umma," in ji Khaulah, bakinta cike, "ashe ke ma kina jin German?"

Hureira ta ɗauki katin jirgin ta sa a sabon shafin.

"Daidai da na Abbanki," ta ce.

Ku kuma, kullen bai ƙare ba. A benenku akwai ƙofar da kwana uku ba ku ji an buɗe ta ba, kun san ta. Ku ajiye wannan takarda yanzu, ku sa takunkumi, ku je ku ƙwanƙwasa, ku ja baya ku tambayi abin da ake bukata. In an faɗa muku abin da ya yi kama da shirme, ku je ku nemo shi.